Babur ɗin Mai Garkar Tazruk

Ni mutum ne mai baki, tun ina yaro a Damagaram aka san ni da haka. In abu ya dame ni sai na faɗe shi sau uku, da ƙarfi, har maƙwabta su leƙo. Don haka a zatona kowa ma haka yake, wanda bai yi ƙorafi ba to babu abin da ke cin sa. Da wannan zato na shigo Tamanrasat, kuma da shi na cuci mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a garin.

Leburanci na fara yi, ɗaukar bulo da kwaɓa siminti a wani gini da ke bakin gari. Hunturun farko ya kama mini haƙarƙari, na kwanta ina ta tari, abokan aikina kuwa kowa ta kansa yake yi. Mai gadin ginin ne ya ja ni zuwa ɗakinsa na kwano, ya lulluɓe ni da bargonsa, ya yi mako uku yana ɗura mini kunu da nonon akuya. Buzu ne, kamar yadda mu Hausawa muke kiransu, mutumin Tazruk, wani ƙauye can cikin duwatsu. Mahaifiyarsa 'yar Agadas ce, shi ya sa yake jin Hausa, amma Hausa ce mai sanyi, ya faɗi kalma ɗaya ya huta sannan ta biyu ta zo. Ya girme ni nesa ba kusa ba, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Damagaram. Gajere ne siriri, kullum cikin rawani, amawali ya rufe baki da rabin hanci. Ko shayi ta ƙarƙashin amawalin yake kurɓa.

Da na warke ya ji cewa na taɓa zama a garejin kawuna har na iya gyaran babur, sai ya ba ni inuwar katangar gidansa na baza sifanuna. Daga nan na samu 'yar rumfa a layin 'yan kasuwa, rumfa ta zama shago mai ƙofar ƙarfe. Duk wannan bai taɓa yarda na saka masa ba. In na kai masa sukari, gobe sai in tarar da dabino a shagona wanda ya fi sukarin yawa. In na fara yi masa godiya sai ya katse ni da tambayar labarin gida. Abin yana yi mini ciwo, wallahi, shekara da shekaru ina neman hanyar da zan rama ban samu ba.

Zaman gari ba son ransa ba ne, yaransa da ke lekkol, wato makaranta, su ne suka riƙe shi. Ransa yana Tazruk, a garkar da mahaifinsa ya bar masa, wato lambu, mai itatuwan ɓaure da rumman da wani tsohon inabi da mahaifin ya dasa da hannunsa. Yayarsa ce ke zaune kusa da garkar. Mijinta ya rasu, tana da awakinta, tana iya ban ruwa, amma datse inabi da shiga rijiya da lallaɓa injin ruwa aikinsa ne shi kaɗai. Duk bayan mako biyu sai ya samu wanda zai tsaya masa gadi, ya ɗaure gari da sukari da ganyen shayi da jarkar mai a bayan babur, ya kama hanya da sassafe. Akwai hanyar mota, amma zagaye ce mai nisa, shi ta duwatsu yake yankewa. In ya dawo bayan kwana uku za ka ga idanunsa sun washe, har ya yi doguwar magana, ita ma duk a kan inabi. Ya taɓa ce mini ranar da ya kasa zuwa garkar nan, to a fara nema masa likkafani. Dariya na yi a lokacin.

Babur ɗin nasa ƙirar Sin ne, irin mai bin kwalta ya kuma shiga jeji. Ya tsufa, fentinsa ya koɗe, amma injinsa lafiyayye ne, ni nake masa juyen mai da faci. Wata rana da hantsi ya tsaya a ƙofar shagona, muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su, sannan ya zo kan magana.

"Ɗan Damagaram, moton nan yana dukana a baya. In ka samu lokaci ka duba."

Na danna sirdin, ya nutse bai taso ba. Sifirin ɗin baya ya mutu, mansa ya tsiyaye. Aikin rabin yini ne, a cire a sa sabo irinsa, shi ke nan. Abin da ya roƙa ke nan, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Amma a lokacin kaina ya riga ya ɗau zafi. Na yi watanni ina kallon bidiyo a waya, na Turawa masu tsere a hamada da yadda suke sauya wa babur kaya, ina jin haushin cewa ni faci da juyen mai kawai aka san ni da su. Kuma a makon nan na ga gawar wani babban babur a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, injinsa ya fashe amma ƙafafunsa garau. Sai na ga dama ta zo har gida, in rama alheri, in kuma nuna wa mutanen layinmu ko ni wane ne. Na ce masa ya bar mini babur ɗin kwana goma. Ya ce kwana goma ba su yi yawa ba? Na ce shi dai ya zuba ido.

Na yi aikin nan bakin rai bakin fama. Na cire ƙafafun gaba na sa na babban babur ɗin, dogaye masu kauri, sai da na koma wurin mai walda sau biyu ya faɗaɗa mini mariƙinsu kafin su zauna. A baya na sa dogon sifirin, irin wanda in ka danna yake tasowa a hankali, ba ya cilla mutum. Tayoyin na nemo masu manyan haƙora don su kama dutse. Farantin sarƙa na baya na canja shi da wanda ya fi faɗi, domin babur ya rage gudu ya ƙara ƙarfin hawa, abin da ya sa sai da na ƙara wa sarƙar tsawo. Na yanko wani faifan ƙarfe na lanƙwasa shi na ɗaure a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, na ɗaga kan babur, na sa masa kariyar hannu. Sirdin ma ban ƙyale shi ba, na ƙara masa soso mai kauri na sa aka ɗinke da sabuwar leda, ina cewa bayan Baba ya huta. Masu kawo faci suna zuwa ina korarsu, abinci ma a tsaye nake ci. Ko yau aka tambaye ni zan ce aikin ya yi kyau, ban yi ha'inci ko a ƙusa ɗaya ba.

Na gwada shi a busasshiyar ƙoramar da ta ratsa gari, cikin yashi da tsakuwa, ya tafi sumul, rami ko tudu duk ɗaya ne a wurinsa. Ni dogo ne, a gidanmu ma ni ake kira in ɗauko abin da aka ajiye a sama. Na tsaya na sauke ƙafafuna biyu suka taka ƙasa daram. Babur ya ƙaru da taƙi guda cur, na gani, amma ban ɗauke shi komai ba, har daɗi na ji don duwatsu ba za su ƙara taɓa cikinsa ba. Da jikina na auna shi, ina cikin wando, babu kaya a baya.

Ranar da zai karɓa ban bar abin tsakanina da shi ba. Na wanke babur na goge shi har yana ƙyalli, na kafa shi a ƙofar shago, na kira duk mutanen layi, mai walda da masu shaguna har da masu shan shayi a gindin bango. So nake a gani. Baba ya iso bayan la'asar cikin doguwar rigarsa, ya tarar da taro. Ya gaisa da kowa, sannan ya zagaya babur ɗin sau biyu. Ya ɗora hannu a kan sirdi, sirdin ya wuce masa cibiya. Sai ya sa yatsu ya ja amawalinsa sama har ƙarƙashin ido.

"Ya girma," in ji shi.

"Ai yanzu ba moto ba ne, Baba, raƙumi ne!" na ce, jama'a suka kwashe da dariya.

Ya sa hannu a aljihu, na riƙe hannun. Na rantse masa a gaban kowa cewa in ya ba ni ko dala ɗaya na bar gaishe shi har abada, wannan kyauta ce daga ɗa zuwa uba. Ya sa mini albarka, doguwa, da Hausa da yarensu. Na ce ya hau mu gani mana. Ya ce sabon abu ba ya son ido da yawa, ya kama kan babur ya tura shi a ƙafa har ya sha kwana. Na ɗauka kunya ce irin tasu.

Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi mai shagon shinkafa da taliya jikin nawa, ya daɗe a garin ƙwarai, ya san mutanen duwatsun nan ciki da waje. Da taro ya watse ya matso kusa da ni.

"Kai wanga yaro, aiki ya yi kyau. Amma ka auna ƙahwarshi kuwa?"

Nan take raina ya ɓaci. "Alhaji, kai dai auna shinkafarka, ka bar mana ƙarfe."

"To, Allah shi kyauta. Ni dai na ga ya ja rawani."

Na ce ai kullum cikin jan rawani yake. Alhaji ya kaɗa kai ya koma shagonsa, ni kuma na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Hassada na kira abin a raina.

Wata huɗu Baba ya yi yana hawan babur ɗin. In ya biyo ta layinmu, a bakin dakalin Alhaji yake tsayawa ya ɗora ƙafa a kai, ni kuwa ina ganin don inuwa ne. Na tambaye shi baya fa? Ya ce baya ya daina ciwo, kuma gaskiya ya faɗa. Na tambaye shi hawan dutse fa? Ya ce ko akuya sai haka. Kaina ya ƙara kumbura, har wasu samari biyu suka kawo mini nasu in yi musu irinsa. Sau ɗaya tak, muna shan shayi yana jujjuya ɗan kofi a hannu, ya yi mini wata tambaya.

"Tsohon ƙarfen nan da ka cire, yana nan?"

"Wane? Wancan mataccen? Ai tuni na ba masu tsofaffin ƙarafa. Me za ka yi da shi?"

"Babu komai. Tambaya ce."

Na ci gaba da surutuna, ina ba shi labarin wani tanki babba da nake so in sa masa. Ban sake tuna tambayar ba.

Lokacin nunar inabi ne abin ya faru, ƙarshen zafi, sa'ad da hadari kan taru a kan duwatsu ruwa ya sauko ƙoramu ba zato. Ya tafi ranar Laraba, ya kamata ya dawo Asabar. Ranar Lahadi da safe wani direba mai ɗauko kayan garka daga Tazruk ya tsaya a ƙofar shagona ya ce ko ni ne bakaniken dattijo mai gadi. Na ce ni ne. Ya ce jiya ya kawo shi asibiti. A hanyar dawowa ya faɗi, babur da kaya suka danne masa ƙafa tun hantsi har la'asar, sai da wasu mata masu kiwon awaki suka gan shi suka kira mutane.

Na rufe shago ban ko wanke hannu ba. Na same shi kwance, ƙafar hagu a naɗe tun daga cinya, rawaninsa yana nan daram a ka. Gwiwa ce ta farfashe, zafin inji kuma ya ƙona masa ƙwauri.

"Baba, me ya faru? Birki ne? Sarƙa ce ta tsinke?"

Abin da ya fara fitowa daga bakina ke nan. Ban tambayi ƙafarsa ba, aikina na fara karewa, kuma har gobe ina jin kunyar wannan.

"Moto lafiyarsa lau," in ji shi. "Ƙaddara ce. Na tsaya ne, na faɗi."

Na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Na fita ina gaya wa mutane ba laifin babur ba ne, tsufa ne, jiri ya ɗebe shi. Wanda bai tambaya ba ma sai na gaya masa. Alhaji ya ji ni sarai, ya ci gaba da auna shinkafarsa, abin kuma ya hana ni sukuni.

Babur ɗin an mayar da shi garka. Ni na ce zan je in ɗauko shi, kuma in faɗi gaskiya so nake in duba shi da idona in dawo da hujjar da zan rufe wa Alhaji baki. Na bi direban nan ta hanyar mota, muka yini muna tafiya. Wannan ne zuwana Tazruk na farko. Bayan baƙaƙen duwatsun da suka ishe ni kallo, sai ga kore shar, ruwa yana bin 'yan magudanai, iska mai sanyi. Na ga inabin da ake ta ba ni labari, gindinsa ya fi cinyata kauri, 'ya'ya suna reto tsuntsaye na ci, babu mai tsinka.

Matan Buzaye ba kamar mazansu ba ne, fuska a buɗe, baki ma a buɗe. Yayar Baba tsohuwa ce ƙaƙƙarfa, ita ma ta gaji Hausa daga uwarsu. Ta ba ni nono da gurasar da suke gasawa cikin toka, ta bari sai da na ƙoshi, sannan ta ce in biyo ta. A ƙofar garka ta nuna mini wasu faffaɗan duwatsu uku da aka ɗora ɗaya kan ɗaya.

"Ka san mene ne wannan?"

Na ce, "A'a, Inna."

"Matakin ƙanena ne. Tun da ka ɗaga masa moto ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Nan yake hawa, nan yake sauka. Zuwansa na farko kwana biyu ya yi a hanya, yana jera duwatsu duk inda ya san zai tsaya. Na ce ya mayar maka ka rage shi. Ya ce yaron ya tara mutane ya ba shi, ya kuma rantse, da wane baki zai ce kyautar tana da aibu? Na ce to ni zan aika maka. Ya ce in na yi haka ya bar shan ruwan gidana."

Na ce wallahi bai taɓa gaya mini ba, da ya gaya mini da yini ɗaya ya ishe ni gyarawa.

"Ya tambaye ka tsohon ƙarfe ko bai tambaye ka ba?"

Na ce ya tambaya.

"To me kake so ya yi kuma, ya yi kuka? Mazanmu iyakar faɗarsu ke nan. Ku Hausawa sai an buga muku ganga a kunne."

Ni da ba a taɓa gaya mini magana na rasa amsa ba, na tsaya tsuru-tsuru a gaban tsohuwa ina kallon duwatsu uku. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma lallashe ni ba, ta koma wurin awakinta.

Washegari da safe na ɗauki babur ɗin na biyo hanyar duwatsu, hanyarsa. Ko madubi bai fashe ba, kariyar da na sa masa ta yi aikinta, bugu ɗaya ya tashi. Ban yi nisa ba na fara ganin matakan da ya jera, duk a gefen hagu. Akwai a saman hawa, akwai kafin gangara, akwai a gindin wata ƙaya inda na ga tokar da yake dafa shayi. Wani wurin biyu ne, wani uku, an zaɓo masu faɗi, an cusa ƙanana a ƙarƙashi don kada su yi rawa. Mutum mai ciwon baya ne ya ɗauko su ɗaya-ɗaya cikin rana, don kada ya ɓata mini rai. Da farko ina tsayawa a kowanne in duba, daga baya na kasa, sai dai in wuce ina share ido da hannun riga.

Direba ya kwatanta mini wurin, wata babbar ƙorama mai gangara. Ruwa ya sauko ta cikinta bayan wucewar Baba zuwa garka, ya sauya mata gaɓa. Dole mai babur ya tsaya a nan ya duba inda zai ratsa. Na tsaya inda ya saba tsayawa. Babu dutse, ruwa ya tafi da shi, har ya zaizaye ƙasar wurin. Ni kaina da na sauke ƙafa sai da na miƙe yatsu kafin na taɓa ƙasa, shi kuwa da akwatuna biyu na inabi a baya ya zo. Ragowar inabin yana nan warwatse a kan tsakuwa ya bushe, tururuwa suna ja. Na kashe inji na zauna a wurin har rana ta take.

Da na dawo gari na kwance duk abin da ya ɗaga babur ɗin. Na zagaye Tamanrasat har na samu ƙafafu da sifirin irin na asali, na yanke soson sirdi, na saukar da shi har bai kai tsawonsa na da ba. Samarin nan biyu na mayar musu da nasu na ce su nemi wani. Ina cikin aikin Alhaji ya bar shagonsa ya zo ya riƙe mini kan babur ina ɗaure ƙusa. Na jira ya ce ai ya gaya mini, bai ce ba. Ni ne na ce masa ya yafe mini, ya ce in ɗaure ƙusata.

Sai bayan wata biyu aka sallami Baba. Na tura babur ɗin har gidansa na jingine a waje. Yana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ƙafar a miƙe, sanda a gefe, ya rame. A hanya na shirya kalmomin neman gafara masu taushi, amma da na gan shi sai halina ya taso.

"Baba, don me ba ka faɗa mini ba? Kalma ɗaya! Ka ce ɗan Damagaram, moto ya yi mini tsawo, shi ke nan! Ni ɗanka ne ko baƙo? Ka gwammace ka ɗauki duwatsu da ka buɗe baki?"

Ina faɗa ina kuka, har matarsa ta leƙo daga ɗaki ta koma. Ya bari na gama.

"Ka yi murna ranar nan," in ji shi. "Tun da na san ka ban taɓa ganin ka yi murna haka ba."

Na ce na rage shi, yana waje, ya fito ya gani, yanzu ƙafarsa za ta taka ƙasa har da saura. Ya dafa gwiwar da tafin hannu. Ya ce likita ya gaya masa ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Babur ya ƙare, shiga rijiya ya ƙare, doguwar tafiyar mota ma an hana shi sai ƙashi ya gama kamawa, ba a kuma san ranar ba. Garkar ya danƙa wa wani ɗan'uwansu mai tasa garkar ya riƙa dubawa. Ya faɗi wannan duka da muryar da yake tambayar labarin gida. Na ce ya sa ni aiki, kowane iri ne.

Sai da hunturu ya wuce ya sa ni. Ya aika aka kira ni, ya ce in hau babur ɗin in je in gano masa garka.

"Mutanenmu in na tambaye su za su ce lafiya lau, haka muke. Har yayata mai bakin nan, a kan garka ba za ta gaya mini gaskiya ba. Kai kuwa ba ka iya ɓoye magana ba, shi ya sa na aike ka."

Na je. Ɗan'uwan ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Gefen rijiya ya rufta tun tsakiyar sanyi, injin ruwa ya yi shiru, sai ɗan ruwan da yake kawowa daga tasa garkar in ya samu sarari. Na kwance injin na gyara, ya tashi, amma babu ruwan da zai ja. Ɓaure da rumman sun jure. Inabin tsoho kuwa ba a datse shi ba, ba a ba shi ruwa kan lokaci ba, duk garkunan maƙwabta sun yi ganye shi ko toho babu. Na karya reshe ɗaya, ya karye ƙas, a bushe har ciki. Na sa wuƙa na ɗan kankare gindin, nan ma babu danshi. Tsohuwa tana tsaye a bayana.

"Me za ka gaya masa?" in ji ta.

Duk tsawon hanya ina shirya yadda zan faɗa, in shirya in rushe.

Na tarar da shi yana dafa shayi a tsakar gida, ƙafar a miƙe gefen gawayi. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi yayarsa, ya tambayi awaki, ya tambayi ko an yi sanyi sosai a can. Ya zuba mini kofi na farko ya miƙo. Sannan ya yi tambayar da ya aike ni dominta.

"Inabin tsoho fa?"

"Yana nan, Baba," na ce. "Ya yi ganye."

Ya dube ni ya daɗe. Ni kuwa na kasa ɗaga ido daga kofin da ke hannuna.

"Sha shayinka kada ya huce," in ji shi.

Bai sake aikena Tazruk ba, bai kuma sake ambaton inabi a gabana ba.